Gudun Hira a Hanyar Tirmini

Ina da shekara ashirin da ƴan kai, da aure na shekara guda, ranar da mai unguwarmu ya shigo zauren mahaifina ya ce Nasara suna neman mutane masu ƙafa. A lokacin Faransawa ba su daɗe da zama a Damagaram ba, mota kuwa ko labarinta ba mu taɓa ji ba. Kaya masu nauyi raƙuma ke ɗauka, amma jakar takardun da ke zuwa garuruwan kusa mutum ne ke rataya ta a kafaɗa ya kai da ƙafarsa. Mu majema ne a cikin Birni, tun kaka da kakanni. Ni kaɗai ne a gidan hannuna bai karɓi jima ba, fata uku na lalata wa mahaifina a wata guda. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne gudu. In akuya ta tsinke ni ake kira, in ana neman ungozoma ni ake aika.

Mahaifina ya dube ni, ya dubi mai unguwa, ya ce, "Ga shi nan. In ƙafa suke so, yana da ita."

Mu shida aka ɗauka, aka raba mu biyu-biyu. Ni aka haɗa ni da wani dattijo Babarbare, siriri, mai farin gemu ɗan tsiriri kamar na bunsuru. A Damagaram aka haife shi, amma ubansa daga Barno ya zo da fataucin kanwa ya zauna. Tun kafin zuwan Nasara yana kai saƙon fatake da ƙafa, ya san hanyar Kano kamar tsakar gidansa. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan majema. Da na fara ganinsa a ƙofar biro, wato ofishin Nasara, na ce a raina an haɗa ni da kaya, ni zan ɗauki jaka in kuma ja tsoho.

Aikinmu hanya biyu ce. Ta yamma zuwa Tirmini, inda muke miƙa jaka ga wasu su wuce da ita gaba, mu karɓi tasu mu kwana mu dawo. Ta gabas kuma zuwa Damagaram Takaya, wadda ke cin kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, cikin rairayi.

Ranar farko Tirmini muka nufa. Bayan sallar asuba muka karɓi jaka a hannun Baturen da ke kula da takardu, wani saurayi dogo mai jan wuya da kowa ke kira Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. Ya ciro agogo daga aljihu ya duba, ya ɗaga mana hannu. Ni na riga na ɗaure ɗamara, na tsuke igiyar takalmi, na ƙagu mu tashi. Muna fita ƙofar gari na ɗiba da gudu. Ban yi nisa ba na waiwaya, sai na hango Baba can baya yana wata ƴar sassarfa, ƙafarsa ba ta ko tashi sosai daga ƙasa, hannuwansa a sake, kamar mai zuwa gaida surukai. Na tsaya na jira shi.

Da ya iso bai tsaya ba, ya ce, "Zo nan kusa da ni. Wace unguwa aka ɗauko matarka?"

Na ce, "Zango."

"Ƴar gidan wa?"

Na gaya masa. Ashe ya san kakanta, ya san rijiyar gidansu, ya san shekarar da gobara ta ci rumbunsu. Ya yi ta ba ni labari, yana jefo mini tambaya, ina amsawa a gajarce don raina a ɓace yake. In na ɗan ƙara sauri sai ya ce, "Ban ji ba, dawo ka maimaita." Haka muka wuce duwatsun bayan gari, muka shiga gonaki.

Wajen hantsi wata mata ta fito daga wata ƴar hanya a kan jaki, da ƙwaryar nono a gabanta. Jakin na ƴar sassarfarsa, mu ma muna tamu. Muka jera da ita tsawon lokaci, ba mu wuce ta ba, ba ta wuce mu ba. Ta dube mu ta dubi jakar Nasara ta ce, "Sannunku. Gudu kuke ko tafiya?"

Baba ya ce, "Hira muke, uwar ɗaki."

Ta yi dariya har ta dafe ƙwaryar. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da muka rabu da ita na ce, "Baba, in haka za mu yi ai gara mu taka kawai. Mutane na yi mana dariya."

Ya ce, "Gudu iri uku ne, ɗan majema. Akwai na hira, shi ne wannan. Akwai na aiki, wanda za ka iya amsa sallama amma ba ka iya ba da labari. Akwai kuma wanda ko sunanka aka kira ba ka iya cewa na'am. Na ukun nan a shekara bai fi in yi shi sau uku ko huɗu ba. Na biyun sau ɗaya a mako, in hanya ta yi kyau. Sauran duk wannan ne."

"To yaya mutum zai san bai wuce ba?"

"Bakinka zai gaya maka. In magana ta fara yankewa, ka wuce. Shi ya sa nake damunka da tambaya."

Mun isa Tirmini rana ba ta kai tsaka ba. Abin da ya ba ni mamaki, da muka zauna ƙarƙashin gawon bakin rijiya, na ji kamar ban yi kome ba. Ruwan gorata ko rabi ban sha ba. Amma maimakon in ga kyan abin, sai na ce a raina ƙarfina ne aka bari ya tafi a banza.

Akwai wata al'adarsa da ta fi wannan ba ni haushi. Duk ranar da muka dawo daga tafiya, musamman ta Takaya, washegari ranar hutu ce. Amma da an idar da sallar asuba sai in ji sandarsa a ƙofar gidanmu. Wai mu je mu wanke ƙafa. Wankin ƙafar nan ba da ruwa ba ne. Fita muke ta arewacin gari, wajen da unguwar Kara-Kara take yanzu, a lokacin ba kome sai duwatsu da sabara, mu yi wata sassarfa da ta fi ta hanya sanyi, mu kewaya wani babban dutse mu dawo kafin rana ta yi zafi. Ba jaka, ba gora. In ya ga tsada ta nuna sai mu tsaya mu tsinka. In ƙafa ta ce a taka, mu taka.

Na ce masa, "Mutum ya gaji, maimakon ya kwanta sai ya ƙara gudu?"

Ya ce, "Kai ɗan majema ne. In aka fito da fata daga ruwa aka yar da ita a rana, ba a taɓa ta ba har ta bushe, yaya take zama?"

"Ta ƙandare."

"In aka yi ta murza ta a hankali tana bushewa fa?"

Na san amsar, kuma na ji haushin da sana'ar gidanmu ya kama ni.

Wata biyu muna haka. Sai aka yi wa Baba jika, ranar suna ta faɗo ranar Tirmini. Ya nemi izini aka ba shi, aka ce in tafi ni kaɗai tunda na san hanya. Da yamma ya biyo ta gidanmu ya ce, "Gobe ba ni nan. Ka yi hira da kanka. Ka yi karatu da ƙarfi in ka ga dama, surorin da ka haddace. In aya ta gagare ka ƙarasawa da numfashi ɗaya, ka rage."

Na ce to. Amma na riga na ƙulla abin da zan yi.

Tun daga ƙofar gari na saki ƙafa. Ban yi karatu ba, ban amsa sallamar kowa ba. Na isa Tirmini masu karɓar jaka ko kunu ba su gama sha ba. Na miƙa musu, na karɓi tasu, na kurɓi ruwa, maimakon in kwana sai na juyo. Dawowar ta ba ni wuya, rana ta buɗe, harshena ya yi kauri, amma na cije. Kafin la'asar ina tsaye a ƙofar biro. Mushe ya fito ya gan ni, ya ciro agogonsa, ya duba, ya sake dubana. Ya kira tafinta ya tambaya ko da gaske na kai Tirmini. Da ya ga jakar can a kafaɗata sai ya yi ta magana da sauri yana bubbuga mini baya. Ya shiga ciki ya fito da dunƙulen sukari ya ba ni.

Na kai wa matata sukarin a gaban kowa. Daren nan ban ci tuwo ba, cikina ya ƙi karɓa, amma na kwanta ina jin kaina kamar wani sarki.

Da asuba sandar Baba ta buga ƙofa. Na ce wa matata ta ce ina barci. Gaskiya ma ko na so tashi, cinyoyina sun yi tsami kamar an yi mini dukan tsiya.

Kwana biyu bayan haka tafinta ya tara mu shida a ƙofar biro. Ya ce Mushe ya ce tunda an ga Tirmini ana iya zuwa a dawo a yini guda, daga yau haka kowa zai yi. Takaya ma a rage mata kwana. Da muka watse, ɗaya daga cikinmu, wani magidanci mai ƴaƴa biyar, ya tsaya a gabana ya ce, "Sukarin ya yi daɗi?" Ya wuce. Baba ya ɗauki sandarsa ya tafi gida bai dube ni ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

Muka shiga sabon tsari. Hira ta ƙare a hanya, sai haki. Baba yana bi na a baya, yana yin iyakar yinsa, in mun iso ya zauna ya daɗe yana mayar da numfashi. Wankin ƙafa ma ya tsaya, don ranar hutun ta zama ta kwanciya kamar gawa. Cikin mako uku mutum biyu suka kwanta, ɗaya da agara, ɗaya da gwiwa. Aikinsu ya dawo kanmu. Ni kuma wani ciwo ya fara mini a ƙwaurin hagu, ɗan wuri kaɗan da zan iya rufewa da babban yatsa. Da safe ya yi zafi, in jiki ya ɗumama ya lafa. Ban gaya wa kowa ba.

A hanyar Takaya ya kayar da ni. Mun kwana a ƙauyen da muka saba, mun tashi rana ta biyu, muna cikin hawan wani tudun rairayi sai na ji kamar an soka mini tsinke a ƙashi. Na zauna cikin ƙarangiya ban ma ji ta ba. Baba ya iso, ya durƙusa, ya bi ƙwaurin da yatsa a hankali har ya kai wurin. Na yi ƙara.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Kwana goma."

Ya girgiza kai. Ya karɓi jakar ya rataya, ya ba ni sandarsa, ya ba ni kafaɗa. Muka ɗingisa zuwa wata bukkar manoma da ke gefen hanya. Mai gidan, wani mutum mai ido ɗaya, ya shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, matarsa ta kawo fura. Baba ya ce musu, "Ga amana, jibi zan biyo." Ya juya ya kama hanya shi kaɗai da ƴar sassarfarsa ta da. Na bi shi da ido har ya ɓace bayan kaba.

Kwana biyun nan na yi su ina cire ƙarangiya daga wandona ina tunani. Mai gidan ba mai yawan magana ba ne. Sau ɗaya kawai ya ce mini, "Tsohon nan shekara da shekaru yana wucewa ta nan. Ban taɓa ganin ya zauna a hanya ba." Da Baba ya dawo, aka ara mana jaki. Haka na shiga Damagaram a kan jaki, tsoho na gaba da jaka, ƴan unguwarmu na kallo.

Jakar ta makara yini guda. Mushe ya yi faɗa, fuskarsa ta ƙara ja. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce wa tafinta, "Gaya masa mu shida ne, yanzu saura uku, cikin ukun ma ɗaya tsoho ne. Ina roƙonsa ya hau dokinsa ya raka ni Tirmini sau ɗaya, ya zo da agogonsa, in yi tafiyar yadda na saba."

Ban san yadda tafinta ya juya maganar ba, amma Mushe ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Ni ina kwance a gida ranar, Baba ne ya ba ni labari daga baya, sarzan ɗin da ya raka su, wato sajan soja, shi ma ya ba ni nasa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Mushe ya yi ta ƙosawa a hanya, ya sukwani doki ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Baba na tafe yana ba sarzan labarin kasuwar Kano. Da suka isa Tirmini dokin ya jiƙe sharkaf. Mushe ya sauka, ya sassauta majayi, bai kai shi rijiya ba, sai ya kama linzami ya yi ta zagayawa da shi a hankali a inuwar gawo. Baba ya je ya tsaya kusa yana kallo. Ya ce wa sarzan, wanda ke jin Faransanci, "Tambaye shi don me bai ɗaure shi ya huta ba."

Mushe ya ce in aka tsayar da doki haka da zafinsa, gobe ƙafafunsa za su sage.

"Tambaye shi ko gobe ma zai yi masa sukuwa irin ta yau."

Mushe ya ce a'a, gobe takawa kawai za a yi da shi, wataƙila har jibi.

Baba ya nuna dokin, ya nuna ƙafafunsa, ya buɗe hannuwa. Sarzan ya ce bai ma fassara wannan ba. Mushe ya tsaya da linzami a hannu yana kallon tsohon, sai ya yi wata ƴar dariya ta hanci, ya ci gaba da zagayensa.

Ba a tara mu an ce an janye dokar ba. Nasara ba sa yin haka. Kawai dai ranar da Baba ya kwana a Tirmini ya dawo washegari, Mushe ya karɓi jaka bai ciro agogo ba. Sauran suka gani, kowa ya koma yadda yake.

Ni kuwa kusan wata biyu na yi ban ɗauki jaka ba. Matata ce ta yi jinyata. Safe da yamma ta dafa ruwa ta gasa mini ƙwaurin da tsumma, ta shafa man shanu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai rana ɗaya da take dama mini kunu ta ce, "Sukarinka ya ƙare tun tuni, sai dai ka sha haka." Na dube ta, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Baba na zuwa bayan la'asar duk ranar da yake gari. Da ciwon ya lafa ya ce mu fara takawa, daga gida zuwa ganuwa mu dawo. Bayan mako guda muka ƙara zuwa bayan gari. Sannan ya ce in yi sassarfa daga wannan aduwa zuwa waccan, in taka zuwa ta gaba. In na ce ina jin ƙarfi, a ƙara, sai ya ce, "Yau mu tsaya kana son ƙari. Gobe ma rana ce." In da safe wurin ya yi ko ɗan motsi, ranar ba gudu. Na je har gidan magidancin nan mai ƴaƴa biyar, wanda gwiwarsa ta kumbura saboda ni, na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya sa aka kawo mini ruwa.

Da na koma aiki sai na tarar hanyar ta zama wata daban, alhali ita ce dai. Da can ban san akwai kurciyoyi a gawon tsakiyar hanya ba, ban san gonar wa ke fara yin kunnen gero ba. Na fara gane cewa gudun hirar ma ba ɗaya ba ne kullum. Ran da aka yi zafin rana sai a ƙara rage shi, cikin rairayin Takaya ya fi na hanyar Tirmini sanyi, da azumi kuwa kusan tafiya ce. Wata rana jiki ya tashi da nauyi ba dalili, sai a bi shi yadda yake so. Baba ya ce shi bai taɓa auna gudunsa da na jiya ba, balle da na wani.

Hira kuwa mun sha ta. Na ji labarin ubansa da yadda ya taso daga Barno da jakuna bakwai ya iso da uku. Na ji yadda ake gane kanwa mai kyau da harshe. Ya koya mini gaisuwar Barebari, yana dariyar yadda nake karya ta. Ni ma na gaya masa abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba, har da yadda nake jin kunyar ƙannena da suka fi ni iya jima. A hanya na fara gaya masa matata na da ciki, kafin mahaifina ma ya sani. Akwai maganar da ba ta fitowa in ana zaune ana kallon juna, amma in an jera ana kallon gaba sai ta fito da kanta.

Gudu na ukun nan sau ɗaya na yi shi da izininsa, a farkon damina ta biyu. Muna dawowa daga Takaya, saura kamar tafiyar rabin yini mu shiga gari, sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin a bayanmu. A gabanmu akwai wani kwari da in ruwa ya sauka yake cika ya hana wucewa har kwana guda, jakar kuma ta tsufa, ɗinkinta na shan ruwa. Baba ya waiwaya ya dubi hadarin, ya ciro jakar daga kafaɗarsa ya rataya mini, ya ƙara ɗaure ta da rawaninsa a ƙirjina.

Ya ce, "Yau ba hira. Tafi, kada ka jira ni."

"Kai fa, Baba?"

"Ni ba takarda ba ne, ruwa ba ya ɓata ni."

Na tafi. Na ɗauka bayan shekara guda ina sassarfa ƙafata ta manta da sauri, sai na tarar ba haka ba. Numfashina ya zauna, ƙafafun na cin ƙasa ba tare da na roƙe su ba. Iska ta taso tana tura ni ta baya, ƙamshin ruwa ya cika ko'ina. Na tsallake kwarin yana busasshe, ina hawa ɗaya gefen ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Ban rage ba har na hango duwatsun gari. Na shiga rumfar biro ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, na kwance jakar, takardun ba abin da ya same su. Na jingina da bango ina haki, na ji wani daɗi da ban ji ba ranar sukari, don wannan karon na san gobe zan iya tashi.

Baba bai shigo ba sai washegari da hantsi. Kwarin ya tare shi, ya kwana wurin wasu makiyaya, ya sha nono har ya ƙoshi. Ya iso da laka har gwiwa, kansa ba rawani, yana ta ba mutane labarin yadda ya ga ruwa ya tafi da wata tunkiya aka ciro ta da rai.

Kashegarin wannan, bayan asuba, muka fita bayan gari. Ƙasa ta yi laushi, ta yi duhu, ƙafa na shiga kaɗan tana fita ba ƙura. Kwaɗi na ta kuka a kududdufai. Duk inda ka duba mutane ne a gonaki, maza na gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Cinyoyina sun yi tsami, muka tafi a hankali ƙwarai, har wani tsoho mai tafiya da sanda ya jera da mu muka gaisa.

A gefen wata gona muka ga wata tsohuwa ita kaɗai, tana sara rami biyu ta ajiye sungumi ta dawo ta zuba iri, ta sake ɗauka. Baba ya tsaya ya yi mata sannu, ya tambayi ina mutanenta. Ta ce ɗanta ya tafi Kano da ayari bai dawo ba tukuna, ruwa kuma ba ya jira. Baba ya karɓi sungumin ya miƙo mini, shi ya ɗauki ƙwaryar iri. Na yi gaba ina sara, yana biye yana zubawa, tsohuwar ta zauna a kan kututture tana gaya mana inda iyakarta ta tsaya. Ba mu bar wurin ba sai da rana ta take. Ta rasa abin da za ta ba mu, ta kwance bakin zanenta ta ciro goro guda, Baba ya fasa shi uku.

Na koma gida da laka a ƙafa da bororo a tafin hannu. Matata, da cikinta ya tsufa, tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake. Ta ce kokon ya huce tun ɗazu, in ina so ta ɗumama. Na ce ta bar shi, na zauna kusa da ita na sha shi da sanyinsa, ina ba ta labarin tunkiyar da Baba ya gani.